Akwatin Sauraron Littafi Mai Tsarki da Hausa: Abin da Na Gani Bayan Wata 14 a Gidana

A farkon daminar bara ne na shiga wani kantin littattafan Kirista a Kaduna da niyyar sayen littafin waƙoƙi, sai na fito da abin da ban je nema ba, wato ƙaramin akwatin sauraron Littafi Mai Tsarki da Hausa, irin wanda ake cajinsa da hasken rana. Mai kantin ya kunna mini shi a kan kanta, murya ta fito tana karanta Zabura ta 23, nan take mahaifiyata ta faɗo mini a rai, domin shekara uku ke nan da ciwon ido ya raba ta da karatu. Farashinsa bai wuce na ƙaramar waya mai maɓalli ba, amma ga malamin makaranta a wannan zamani ko wannan ma sai da na auna shi sau biyu kafin in zaro kuɗin. Yanzu akwatin ya yi wata 14 a gidana a Zariya, ya ga damina biyu da hunturu ɗaya, ya sha faɗuwa daga hannun yara, kuma ina ganin na san shi sanin da zai ba ni damar faɗin alherinsa da aibinsa ga wanda yake tunanin saya.

Sai an san gidan da ya shiga kafin a gane hukuncin da zan yanke masa. Mu takwas ne: ni da uwargida, da yara huɗu, da Inna mahaifiyata, da 'yar ƙanwar matata da take karatu a wurinmu. Ni Bahaushe ne daga wajen Malumfashi, daga cikin gidajen da suka karɓi bishara tun zamanin kakanni. Matata daga kudancin Kaduna take, tana da harshenta na gado wanda ni da Inna ba ma ji, kuma ma'aikaciyar jinya ce da aikin dare yakan faɗo mata a wasu makonni. Inna ba ta jin Turanci, yara kuwa da Turanci suke karatu tun daga ajin farko. Hausa ce kaɗai ta haɗa mu duka, kamar yadda ta haɗa ƙabilu masu yawa a majami'un ECWA da COCIN da EYN da HEKAN da sauransu a faɗin arewa, inda mutum zai yi magana da harshen iyayensa a gida, ya zo ranar Lahadi ya yi waƙa da addu'a da Hausa.

Matsalar ita ce yaran suna jin Hausa kamar kowane ɗan Zariya, amma ba su iya karanta ta ba, kuma ba laifinsu ba ne gaba ɗaya. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma bambanta dogon wasali da gajere, saboda haka mai karatu sai ya riga ya gane ma'anar jimla kafin bakinsa ya furta ta daidai. Wani dare babban ɗana yana karanta inda Yesu ya aiki almajirai su shiga gari, sai ya ja wasalin ya mai da shi garin tuwo, ƙannensa suka kwashe da dariya har da birgima a tabarma, shi kuma ya rufe littafin ya ce ba zai ƙara ba. Daga nan karatun ya dawo kaina ni kaɗai, kuma duk ranar da na dawo a gajiye ko raina a ɓace, babu karatu. Abin da muke kira bagadin iyali ya ragu daga kowane dare zuwa sau biyu a mako, daga baya ya zama sai ranar da fasto ya yi wa'azi a kansa muka ji kunya.

Akwai kuma wani dalili da ba a cika faɗinsa a gaban dattawan ikilisiya ba. Tun da Inna ta taso daga ƙauye ta dawo wurinmu, zaman da ke tsakaninta da matata bai taɓa kai ga cacar baki ba, amma ya kai ga irin gaisuwar da ake yi a tsaye, a taƙaice, ba tare da haɗa ido ba. Miya ce, tarbiyyar yara ce, aikin dare ne da Inna take ganin bai dace da matar aure ba. A irin wannan gida addu'a tare tana da nauyi, domin mutum ba ya iya rufe ido ya ce a gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi, alhali wadda yake riƙe da ita a zuci tana zaune kusa da gwiwarsa. Kowa ya gwammace a fasa.

Akwatin kansa bai fi sandar sabulun wanki ba, ana riƙe shi da hannu ɗaya. Jikinsa roba ce mai ƙwari, bayansa farantin sola ne, gabansa lasifika da maɓallai manya waɗanda aka yi musu tudu daban-daban domin wanda ba ya gani ya gane su da yatsa. Wannan tunani ne mai kyau, kuma Inna ta haddace su cikin kwana biyu: na kunnawa, na ƙara murya da na ragewa, biyu na tsallaka littafi gaba da baya, biyu na tsallaka sura, da na tsayarwa. Ba shi da allo, murya ce take faɗin sunan littafi da lambar sura duk lokacin da aka matsa. Akwai tocila ƙarama a gefe, da ramin saka abin sauraro na kunne, da wurin caji irin na waya. Idan an kashe shi an sake kunnawa, daga inda aka tsaya yake ci gaba, kuma a ganina wannan ɗan abu ya fi tocilar daraja.

Muryar tana cika falo da tsakar gida ba tare da ta fashe ba, sai dai idan an kai ta ƙarshe takan yi ƙara kamar tsohon rediyo. Tsohon Alkawari mutum ɗaya ne yake karanta shi, dattijo bisa ga muryarsa, mai natsuwa, wanda yake ba kowane harafi haƙƙinsa, kuma ba ni da abin da zan ce game da shi sai yabo. Sabon Alkawari kuwa an yi shi ne kamar wasan kwaikwayo na rediyo, da muryoyi da yawa da kiɗa a ƙasa, kuma a nan ne nake da ƙorafi. Kiɗan yakan danne magana a wasu wurare, musamman a surorin gicciye, kamar an ɗauka labarin ba zai taɓa zuciya ba sai an taimaka masa. Sannan biyu daga cikin masu muryoyin ba sa bambanta ƙ da k, ko ɓ da b, sai ka ji ƙasa ta zama kasa, ɓata ta zama bata. Mutanen Filato ko kudancin Kaduna da yawa ba za su damu ba, domin haka ake furta su a can, matata ma ba ta taɓa lura ba sai da na nuna mata. Inna kuwa takan gyara musu da ƙarfi daga inda take zaune, kamar suna jin ta.

Fassarar da ke ciki ita ce ta 1979, wadda take a hannun masu sujada da Hausa da yawa. Inna kuwa da ta 1932 ta koyi karatu tana budurwa, wato cikakkiyar fassarar farko da Dakta Walter Miller ya jagoranci aikinta, mutumin da ya zauna a cikin birnin Zariya shekaru kafin mishan ɗinsu ya koma Wusasa a 1929. Ta saba da sabuwar a majami'a, amma ayoyin da ta haddace duk na tsohuwar ne. Inda akwatin ya ce Yahaya, ita Yohanna take cewa. Inda ya ce Karin Magana, ita Misalai ta sani. Maimaitawar Shari'a a wurinta Kubawar Shari'a ce, Wahayin Yahaya kuma Ru'ya ta Yohanna. Idan ana karanta zaburar da ta sani, sai ka ji muryoyi biyu suna tafiya tare, ta akwatin a sama da sabuwar Hausa, tata a ƙasa da tsohuwa, suna haɗuwa suna rabuwa. Da farko abin ya dame ni, yanzu kuwa yara har tambayarta suke yi yadda ake faɗin ayar a zamaninsu. Duk da haka, da masu haɗa akwatin sun saka fassarorin biyu da maɓallin sauyawa, da sun kyauta wa tsofaffi, kuma su ne suka fi bukatarsa.

Game da batir, abin da aka rubuta a kwali ya fi abin da na gani, amma ba da tazara mai yawa ba. A bazara, idan ya wuni a kan katanga, yakan ɗauke mu kwana uku zuwa huɗu, har da sauraron da Inna take yi ita kaɗai da rana. A watan Agusta, lokacin da hadari yake rufe sama kwana da kwanaki, sola ba ta isa, sai an haɗa da cajar waya idan an kawo wuta. A hunturu kuma ƙura ce take kwanciya a kan farantin, wanda bai goge ba zai ɗauka akwatin ya lalace alhali tsumma kawai yake bukata. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 janaretanmu ya zama kayan ado, saboda haka abin da yake aiki cikin duhu ba tare da ya nemi ko kwabo ba yana da daraja a gidana. Murfin wurin cajin ya karye a wata na biyar, yanzu roba ce take riƙe da shi.

Babban abin da na ɗauka aibi ne a makonnin farko shi ne ba a iya zuwa aya kai tsaye. Littafi da sura kawai yake tsallakawa. Littattafai 66 ne, surori 1,189, kuma wanda yake son Afisawa daga Farawa sai ya danna har ya kai littafi na 49, yana jin ana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Wanda yake neman wata aya a tsakiyar Zabura ta 119, mai ayoyi 176, sai ya yi haƙuri ya saurara daga farko. Ga mai shirya wa'azi ko malamin makarantar Lahadi wannan nakasu ne na gaske, kuma ba zan ba shi shawarar ya dogara da akwatin ba. Amma a gidana wannan nakasun ne ya yi mana aikin da ban zata ba, kuma saboda shi ne na zauna rubuta wannan sharhi.

A watan farko mun bar kowa ya zaɓi abin da za a saurara bi da bi, muna ganin adalci ke nan. Ashe mun buɗe ƙofar gugar zana. Da aka zo kan Inna sai ta ce a sa mata littafin Rut, kuma da aka kai inda Rut take ce wa surukarta duk inda za ta tafi ita ma can za ta, sai Inna ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Kai, surukan da!" Matata ba ta ce uffan ba. Washegari da aka zo kanta, cikin ladabi ta ce, "Baban yara, a sa mana Farawa sura ta 2," kuma kowa ya san ayar da take jira a ƙarshen surar, inda aka ce mutum zai rabu da mahaifinsa da mahaifiyarsa ya manne wa matarsa. Ni ma ba zan wanke kaina ba. Ganin gida yana neman fin ƙarfina, sai na zaɓi Afisawa sura ta 5, ina jiran aya ta 22 inda aka ce mata su yi biyayya ga mazajensu.

Da littafi ne a hannuna, da na buɗe na karanta ayar da nake so na rufe, kamar yadda masu gida da yawa suke yi. Akwatin bai san wannan dabara ba. Daga aya ta farko ya fara, ya bi ta kan gargaɗi game da zancen banza da buguwa, ya faɗi aya ta 21 inda aka ce kowa ya yi biyayya ga ɗan'uwansa, ya ba ni ayata, sannan ya wuce ba tare da ya dube ni ba zuwa aya ta 25, inda aka ce maza su ƙaunaci matansu kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikilisiya har ya ba da kansa dominta, ya kuma daɗe a kan maza fiye da yadda ya daɗe a kan mata. Kafin in kai hannu ya shiga sura ta 6, ya ce wa yara su yi biyayya, na gyara zama, sai ya juyo ya ce iyaye maza kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi. Babban ɗana, wanda aka yi wa dariyar gari, ya ɗago kai ya kalle ni. Haka ya yi wa Inna: Rut sura huɗu ce, kuma tun a ta farko an ji cewa Na'omi ce ta fara sa wa surukanta albarka tana roƙa musu alheri, an ji kuma cewa Rut baƙuwa ce daga Mowab, ba 'yar ƙabilarsu ba, a ta huɗu kuma matan gari suka ce wa Na'omi wannan surukar ta fi mata 'ya'ya maza bakwai. A wannan daren Inna ba ta yi ajiyar zuciya ba.

Daga nan muka kafa doka. Babu mai zaɓe, sura ɗaya kowane dare, a jere, daga Matiyu, kuma autanmu mai shekara shida ne yake riƙe akwatin, domin shi kaɗai ne ba shi da wanda yake so ya yi wa habaici. A daren farko jerin sunayen kakanni ne, yara suka fara hamma, sai ga sunan Rut ya fito a aya ta 5 cikin zuriyar da Yesu ya fito daga ciki. Inna ta ce a tsayar, a mayar baya. Aka mayar, ta sake ji, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce a ci gaba.

Tsarin da muka zauna a kai mai sauƙi ne. Muna taruwa bayan cin tuwo, muna yin waƙa ɗaya da baki, akwatin ya karanta surar, wadda yawanci ba ta wuce minti biyar zuwa bakwai ba, sannan a kashe shi a ajiye. Wannan kashewar tana da muhimmanci, domin muryar tana da daɗi, kuma abu ne mai sauƙi a bar ta ta yi ta tafiya sura bayan sura har kowa ya yi barci yana ganin ya yi ibada. Bayan an kashe, kowa yana faɗin abu ɗaya da ya ji, ko da kalma ce, sannan kowa ya yi wa na hannun damansa addu'a a taƙaice, mu rufe da Addu'ar Ubangiji. Wurin zama yana juyawa, saboda haka babu yadda za a yi mako ya ƙare ba tare da Inna ta sami kanta tana yi wa matata addu'a ba, ko matata tana yi wa Inna. A karon farko kalmomin ba su wuce na a ba ta lafiya ba. Bayan wasu watanni, wani dare da matata take shirin fita aikin dare, na ji Inna tana roƙo a tsare 'yarta a hanya, a ba ta haƙuri da marasa lafiya, a sa hannunta ya zama na warkarwa. 'Yarta ta ce, ba matar ɗanta ba. Har yau suna saɓawa a kan yawan daddawa a miya, amma yanzu da baki ake saɓawar, kuma ba ta kwana.

Gidan haya muke, katanga ɗaya ce tsakaninmu da maƙwabcinmu Musulmi, kuma wanda ya zauna a Zariya a lokacin rikicin watan Maris na 1987 ko na watan Afrilun 2011 ya san cewa zaman unguwa irin tamu abu ne da ake lallaɓawa. Saboda haka ƙarfin lasifikar da na yaba a baya yana bukatar hankali. Ba ma kunnawa sai an idar da sallar isha'i a masallacin unguwa, har kiran sallar ya zama mana agogo, kuma ba ma wuce rabin murya. Duk da haka katanga ba ta hana sauti, kuma sunayen da ke cikin wannan fassara, irin su Ibrahim da Yusufu da Musa da Yahaya da Almasihu, sunaye ne da kowane Bahaushe ya sani. Wata safiya maƙwabcin ya tare ni a ƙofa ya ce, "Malam, jiya na ji rediyonku yana ba da labarin Annabi Yusufu, an kai inda 'yan'uwansa suka zo sayen hatsi." Na ba shi haƙuri idan mun dame shi, ya ce babu damuwa ko kaɗan. Lokacin da matarsa ta kwanta rashin lafiya, sunanta ya shiga addu'armu mako biyu, matata kuma tana leƙawa tana duba ta, kuma yaran da suka ji ana ambaton sunan mutum kowane dare a gaban Allah ba sa gaishe shi da safe kamar baƙo.

Kada a ɗauka akwatin ya gyara komai. Tsakanina da yayana akwai maganar gonar mahaifinmu a ƙauye, shekara huɗu ke nan. Na ji Matiyu sura ta 5 tana cewa wanda ya kawo baiko ya tuna ɗan'uwansa yana da wata magana da shi, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna, na yi kamar ban ji ba. Da muka gama surori 260 na Sabon Alkawari muka koma Farawa, sai ga sura ta 13, inda Ibrahim, tun yana Abram, ya ce wa Lutu kada a yi jayayya tsakaninsu tun da 'yan'uwa ne, ya kuma bar shi ya zaɓi ɓangaren da yake so. A daren nan 'yata ta biyu ce take hannun haguna, ita ce mai yi mini addu'a, sai ta roƙa a sa Baba ya kira Baba Babba. Na kira shi bayan kwana uku. Mun gaisa, mun tambayi iyali, ya nemi a ba shi Inna suka daɗe suna magana. Maganar gona tana nan inda take.

Wani zai ce me ya sa zai kashe kuɗi alhali manhaja irin YouVersion tana da Littafi Mai Tsarki da Hausa kyauta, kuma a cikinta ana zuwa kowace aya da taɓawa ɗaya. Ina da ita a wayata, ina kuma amfani da ita wajen shirya darasi. Amma waya ta mutum ɗaya ce, tana fita da shi aiki, saƙonnin WhatsApp suna shigowa a tsakiyar karatu, kuma tsohuwar da ba ta gani ba za ta iya sarrafa gilashi mai santsi ba. Akwatin na gida ne, yana zaune a kan taga kusa da gadon Inna, kuma ba shi da wani aiki sai wannan. Haɗarin da na gani a tattare da shi shi ne yara su daina ƙoƙarin karanta Hausa gaba ɗaya tun da an sami mai karanta musu. Maganin da muka samu shi ne manyan biyun su buɗe littafin su bi da yatsa yayin da muryar take tafiya, kuma a nan daidaituwar fassarar akwatin da ta littafin da ke gida ta zama wajibi. Babban ɗana yanzu yakan ce a kashe akwatin ranar Asabar shi zai karanta.

Shawarata ga mai saya ita ce, idan gidanka akwai tsoho ko wanda ba ya karatu, ko kuma harsuna sun yi yawa har Hausa ce kaɗai ta rage a tsakani, kuɗinka ba zai tafi a banza ba. Kafin ka biya, ka sa a kunna maka a cikin kantin, ka tabbata cikakken Littafi ne, domin akwai irinsa masu Sabon Alkawari kaɗai a cikin kwali iri ɗaya. Ka sa a danna zuwa littafi na huɗu na Sabon Alkawari ka ji ko Yahaya zai ce ko Yohanna, ka kwatanta da littafin da ke gidanka. Ka kai murya ƙarshe ka ji ko tana fashewa, ka kashe ka kunna ka ga ko ya tuna inda ya tsaya, ka kuma tambayi mai kantin ko ana samun batirinsa idan ya mutu, domin ni ban tambaya ba, kuma nawa ya fara rage riƙe caji.

Mu yanzu muna ƙarshen Fitowa, a surorin da ake ta auna labule da katakan alfarwa, kuma Littafin Firistoci yana gabanmu da surori 27 na hadayu da dokokin tsarki. Matata ta kawo shawarar a riƙa haɗa kowace sura da zabura ɗaya domin kada ƙananan su yi barci, Inna ta goyi bayanta, sai dai ta ce ita za ta riƙa kawo zaburar da ka, da tsohuwar Hausa, a bar akwatin ya huta. Autanmu bai yarda ba tukuna, domin yana ganin ana so a rage masa aiki.